An Gwada, An Ga Alama, Sai Kuma Me?

Tun da sanyin safiya aka kafa rumfuna a harabar asibitin sha-ka-tafi, aka jera kujerun roba, aka ɗaura babban ƙyalle mai hoton wadda ta ɗauki nauyin taron. Jiya mai shela ya zaga unguwa da lasifika yana cewa mata su fito, za a yi gwajin sankarar bakin mahaifa kyauta. Sun kuwa amsa kira, wata da goyo, wata ta bar wa babbar 'yarta tukunya a kan murhu. Aka yi jawabai, aka ɗauki hotuna, aka raba lemo da biskit. Yawancinsu an ce musu lafiya lau, sai bayan wasu shekaru. 'Yan kaɗan ne ungozoma ta ja gefe, ta sassauta murya ta ce, "Yaya, an ga wata 'yar alama, ki kai wannan takarda babban asibiti." La'asar na yi aka naɗe rumfuna, motoci suka tashi. Da dare rediyo ta faɗi yawan matan da aka gwada, aka yi ta sa albarka. Babu wanda ya faɗi yawan waɗanda aka ba takarda, balle yawan waɗanda za su kai ta. Ita kuwa takardar, an ninke ta an cusa a aljihun jaka tare da tsohon katin awo.

Ba na raina niyyar masu shirya irin wannan taro, kuma ba na fatan a daina. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da gwaji ƙarshen aiki, alhali gwaji shi kaɗai bai taɓa hana wata mace kamuwa da sankara ba. Abin da aka yi wa wadda gwajin ya nuna, shi ke hanawa. Idan aka tsaya a miƙa takarda, an kashe maciji ba a sare kai ba, an kuma ƙara wa baiwar Allah fargaba a kan ciwon da ba a taɓa ba. Don haka ra'ayina shi ne duk wanda ya gwada mace ya ci bashin yi mata magani, gwamnati ce ko ƙungiya ko matar wani babba, kuma da yawan waɗanda aka yi wa magani ya kamata a auna shi.

1. Me takardar ke cewa?

Asarar farko a kunnen matar take faruwa. Ta ji an ce sankara, ta ji an ce an ga alama, sai ta haɗa biyun ta yanke wa kanta hukuncin mutuwa. Alhali a mafi yawan lokuta abin da aka gani bai kai ga zama sankara ba. A bakin mahaifa akwai wani ɗan yanki mai laushi inda fatar waje ta haɗu da ta ciki, kuma nan ne ƙwayar cutar HPV ta fi samun wurin zama. Ana ɗaukarta ta hanyar kusantar juna tsakanin namiji da mace, kuma yawancin waɗanda suka taɓa zaman aure sun taɓa ɗaukarta ba su sani ba. A jikin kusan tara cikin goma, garkuwar jiki ce ke share ta cikin shekara biyu, ba allura ba ƙwaya. Wadda ta ƙi fita ita ce abin tsoro, musamman nau'i na 16 da na 18, waɗanda su biyun ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na wannan sankara a duniya. Bajamushen masanin nan Harald zur Hausen, wanda ya gano alaƙar, ya samu kyautar Nobel a 2008 saboda aikin. Idan ƙwayar ta daɗe, sai ta fara gurɓata ƙwayoyin halittar da ke saman fatar, sannu a hankali. Likitoci sun kasa wannan gurɓata hawa uku, CIN1 da CIN2 da CIN3, gwargwadon yadda ta ci kaurin fatar. Muddin ba ta huda ƙasan fatar ta shiga nama ba, ba ta zama sankara ba, ba ta yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi, kuma ana iya kawar da ita gaba ɗaya.

Hawa na farko, fiye da rabinsa yana washewa da kansa, shi ya sa idan an tabbatar shi ne sai a sa ido kawai. Hawa na biyu ma kusan rabinsa yana komawa lafiya cikin shekara biyu, musamman ga mata 'yan ƙasa da talatin. Na uku ne ba a wasa da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga fara gurɓata zuwa sankara yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 ga mace mai cikakkiyar garkuwar jiki, ko 5 zuwa 10 ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani. Mata masu HIV sun ninka sauran mata sau shida wajen haɗarin kamuwa. Da wuya a samu wani ciwon daji da ke ba da dogon gargaɗi irin wannan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan iccen yakan shekara goma yana ɗanye.

Sai dai wannan dogon lokaci shi ne kuma tarkon. A duk shekarun nan babu ciwo, babu jini, babu abin da zai hana ta daka ko surfe. Ta ina za ka shawo kan mai jin kanta garau ta kashe kuɗin cefanen mako a mota? Ranar da alamu suka fito fili, wato jini bayan saduwa, ko jini tsakanin haila da haila, ko jini bayan al'ada ta ɗauke, ko ruwa mai wari, sau da yawa abin ya riga ya wuce saman fata. A nan ma ba asibiti ake fara zuwa ba. Wata za ta ce sanyi ne, ta aika kemis ko ta sayi na gargajiya. Wata za ta aika wa malam tambaya a kan hukuncin sallarta, a ba ta amsar jinin istihala daidai yadda fiƙihu ya tanada, a manta a ƙara mata da cewa ta je a duba ta. Da malamanmu da malaman Islamiyyar mata za su riƙa ƙara wannan jimla guda, da sun ceci rayukan da ba su san adadinsu ba.

2. Abin da ya faru a Auckland

Mai karatu na iya cewa, tunda wasu suna washewa da kansu, me ya sa ba za a bar kowa ba a ga abin da Allah zai yi? An taɓa gwada haka, kuma duniyar likitoci har yau tana jin kunyar abin. A 1966, a babban asibitin mata na birnin Auckland a ƙasar New Zealand, wani likita mai suna Herbert Green ya samu izinin bin mata masu hawa na uku da ido kawai, ba tare da yi musu cikakken magani ba, domin ya yi imani abin ba ya zama sankara. Yawancin matan ba a sanar da su cewa bincike ake yi a kansu ba. Sai a 1987 wasu mata biyu, Sandra Coney da Phillida Bunkle, suka tona asirin a wata mujalla, gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin alƙaliya Silvia Cartwright, wadda ta miƙa rahotonta a 1988. Bayan shekaru aka koma kan takardun matan, aka wallafa sakamakon a 2008: cikin waɗanda aka gutsuri ɗan nama kawai aka ƙyale su, kusan kashi 31 cikin 100 sun kamu da sankara cikin shekara 30. Cikin waɗanda aka yi wa magani yadda ya kamata, ba su kai ko kashi 1 ba.

Tazarar da ke tsakanin 31 da ƙasa da 1 ita ce darajar maganin da nake magana a kai. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne duk matar da aka ga alama a jikinta aka sallame ta ba a bi sawunta ba, mun saka ta a sahun matan Auckland, bambancin kawai mu ba ma rubuta sunanta. A 2020 Najeriya ta samu sababbin masu wannan sankara kusan 12,000, kusan 8,000 kuma suka rasu. A duniya, a 2022, masu kamuwa sun kai kusan 660,000, mamata kusan 350,000, kuma kusan dukkan mamatan daga ƙasashe marasa ƙarfi suke.

3. Maganin bai kai tsoronsa ba

Da yawa idan suka ji magani sai su hango ɗakin tiyata, da allurar barci, da neman masu ba da jini. Ga mafi yawan mata abin bai kai nan ba. Hanya ta farko ita ce a lalata gurɓataccen wurin a inda yake. A da, da sanyi ake yi: a ɗora wani ƙarfe da iskar gas ta sanyaya, a daskarar da wurin minti uku, a bari ya narke minti biyar, a sake daskararwa minti uku. Yana aiki, amma tukunyar gas tana da nauyi, tana ƙarewa, kuma cika ta a ƙauye wani aiki ne. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da yin amfani da zafi a madadin sanyi. Wata 'yar na'ura ce ta hannu mai batir, kanta yana ɗaukar zafi har digiri 100, a ɗora shi a wurin daƙiƙa 20 zuwa 30, in wurin yana da faɗi a matsa a sake. Matar za ta ji ɗan murɗawar mara kamar ta haila, ta huta kaɗan, ta tashi ta tafi gida da ƙafarta. Nas ko ungozoma da aka horar tana iya yi, ba sai likita ba, kuma kusan tara cikin goma suna warkewa da zama guda. Wannan dabara ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1960 wani likitan Jamus mai suna Kurt Semm ya ƙirƙiro ta. Abin da ya canza shi ne na'urar ta ƙanƙance har ta shiga jaka, ta daina dogaro da wutar NEPA.

Ba kowace mace ce wannan hanya ta dace da ita ba, kuma a nan ƙwarewar mai dubawa take da muhimmanci. Dole ta ga iyakar wurin gaba ɗaya, kada ya shige cikin ƙofar mahaifa inda ido ba ya kaiwa, kada ya mamaye fiye da kashi uku cikin huɗu na bakin mahaifar, kada kuma a ga abin da ya yi kama da sankara da ta riga ta kafu. In ɗaya daga waɗannan ya saɓa, sai a koma hanya ta biyu, wadda ake kira LEEP: a kashe wurin da allura, a sa wani siririn zoben waya mai lantarki a yanke gurɓataccen yankin. Shi ma ba ya buƙatar kwanciya a asibiti, kuma yana da fa'ida guda da ta farko ba ta da ita, domin ana samun naman da za a kai ɗakin gwaje-gwaje a tabbatar da abin da ke ciki. Wannan kam aikin likita ne ko wanda ya samu horo na musamman, don haka kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ya kamata ya iya. Wadda aka ga alamar sankara sosai, ita ce ke buƙatar asibitin koyarwa, ba da ɓata lokaci ba. Mai juna biyu kuwa, in dai ba sankara ake zargi ba, akan jira ta haihu, kuma lokacin da ta yi arba'in ya zo kusan daidai da lokacin da ake so ta dawo.

4. Inda ake zubar da mata

Tsarin da muka gada daga Turai an gina shi ne a kan gwajin Pap, wanda George Papanicolaou ya fito da shi a shekarun 1940. A ɗebi ɗan ruwa daga bakin mahaifa, a aika ɗakin gwaji, a jira. Sakamako ya fito, a kira matar ta dawo a duba ta da na'urar hange, a gutsuri nama, a sake aikawa, a sake jira. In an tabbatar, ta sake dawowa a yi magani. Wannan tsari ya rage cutar ƙwarai a Ingila da Amurka, saboda akwai masu karanta samfur da yawa, da adireshin da wasiƙa ke isa, da motar haya da ba ta cinye albashi. A wurinmu kowace dawowa tana nufin neman izinin maigida, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da wanda zai riƙe yara, da yinin sana'a da ya tafi, da layin kati, da yiwuwar a ce likita bai shigo ba ko ana yajin aiki. Lambar wayar da aka rubuta a rajista sau da yawa ta maigidan ce ko ta ɗan maƙwabta. A kowane mataki sai wasu sun zube, kuma waɗanda suka fi talauci da nisa su ke fara zubewa, su ne kuma ba za su taɓa iya biyan kuɗin maganin sankara ba.

Maganin wannan an daɗe da samo shi, kuma a Afirka aka gwada. A unguwar Khayelitsha da ke gefen Cape Town, Farfesa Lynette Denny da abokan aikinta sun yi bincike a kan mata 6,555, suka wallafa a 2005. Wasu an gwada su an yi musu magani ba tare da jiran sakamakon nama ba, wasu an jinkirta. Bayan wata shida, cikin waɗanda aka jinkirta fiye da 3 cikin 100 suna da hawa na biyu ko sama, cikin rukunin da aka yi wa gwajin HPV aka kuma yi wa masu ƙwayar magani ba su kai 1 ba. Zambiya ta kafa nata shirin a 2006 a kan nas-nas: a shafa ruwan khal a bakin mahaifa, a jira minti ɗaya, gurɓataccen wuri ya yi fari, a yi magani a zaman. Hukumar Lafiya ta Duniya ta rungumi wannan hanya ta gwaji da magani tare tun 2013, a 2021 kuma ta ce gwajin HPV ya zama na farko daga shekara 30, ko 25 ga masu HIV, kuma wadda aka yanke shawarar yi wa magani kada ta wuce wata shida ba a yi mata ba. Ko a gida an gwada irinsa a jihohin Kaduna da Legas da Ribas da tallafin ƙungiyoyin waje. Ba sabon abu nake kira a ƙirƙiro ba.

A ranar 17 ga Nuwamba 2020 ƙasashen duniya suka ƙaddamar da shirin kawar da wannan cuta da alƙaluma uku kafin 2030: a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafi kafin shekara 15, a gwada kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na waɗanda aka samu da matsala magani. Na farko da na biyu suna da daɗin ɗaukar hoto. Na ukun ana yin sa ne a bayan labule, babu mai tafi, shi ya sa ya zama maraya. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai tanadi na'urar magani da mai iya sarrafa ta da motar kai masu buƙatar LEEP ba, bai gama shirin taron gwaji ba, ko da ya buga riguna da huluna.

5. Masu ja da wannan magana

Hujja mafi ƙarfi daga bakin likitoci take fitowa. Suna cewa idan aka yi magani ba a jira sakamakon nama ba, za a taɓa mata da yawa waɗanda da an bar su za su warke da kansu, kuma ruwan khal yana yaudarar ido, ya nuna fari inda babu komai ko ya ɓoye inda akwai. Gaskiya ne, ba na musu. Amma a ɗora cutarwar biyu a kan sikeli. Wadda aka yi wa maganin zafi ba ta buƙata, abin da ya same ta shi ne murɗawar mara da makonni na fitar ruwa. Wadda ake buƙatar yi mata aka ce ta dawo ba ta dawo ba, abin da ke jiran ta ya wuce misali. A asibitin koyarwa, inda mace ke zaune kusa kuma za ta dawo, a bi dogon tsari, ya fi daidai, musamman ga yarinya mai hawa na biyu da ba ta gama haihuwa ba. A ƙauyen da mota ke shiga ranar kasuwa kaɗai, dogon tsari sunansa sallama. Raunin ruwan khal kuma hujja ce ta a ƙara horar da ungozomomi, a riƙa duba aikinsu, a matsa zuwa gwajin HPV wanda mace ke iya ɗibar samfurinsa da hannunta, abin da zai sauƙaƙa wa masu kunyar buɗe jiki.

Ja na biyu daga ɗakunan mata yake zuwa: an ce in an taɓa mahaifa an daina haihuwa. A gidan da darajar mace ke rataye da goyo, wannan tsoro ba abin dariya ba ne, kuma bai kamata a amsa shi da tsawa ba. Abin da bincike ya nuna shi ne waɗannan hanyoyi ba sa hana ɗaukar ciki, domin ba a shiga cikin mahaifa, a bakinta ake tsayawa. Abin da ke akwai, kuma dole a faɗa mata, shi ne yanka yana ƙara haɗarin haihuwar bakwaini, gwargwadon zurfinsa da yawan maimaita shi. Na zafi da na sanyi haɗarinsu bai kai haka ba. Wadda aka yi wa LEEP ta faɗa wa masu awo idan ta samu ciki, su sa mata ido. Abin da ke raba mace da haihuwa da gaske shi ne sankarar da aka bari ta kafu, domin a lokacin ko dai a cire mahaifar ko a gasa ta da hasken na'ura, wato gashi. Akwai kuma kishiyar wannan tsoro, inda ake ce wa mai 'ya'ya da yawa gara a cire mahaifar kowa ya huta. Babbar tiyata a kan abin da minti kaɗan ke magancewa ba hutu ba ne, kuma ba ita ce hanyar farko da masana suka amince da ita ba.

Wasu kuma za su ce ai an kawo rigakafi. An kawo, kuma abin a yaba ne: a 24 ga Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar HPV kyauta, aka shiga zagaye na biyu a sauran jihohi a Mayun 2024. Amma allurar ba ta korar ƙwayar da ta riga ta shiga. Yarinyar da ke da 14 a 2023 sai 2039 za ta kai talatin. Iyayensu mata da yayyensu da gwaggonninsu, waɗanda su ne ke cikin haɗari yau, gwaji da magani kaɗai suka rage musu. Batun kuɗi kuwa, a kwatanta 'yar na'ura mai batir da abin da iyali ke kashewa idan aka tura uwa gashi a Shika ko Sakkwato ko Abuja, makonni ana kwana a barandar asibiti, an sayar da gona da akuya. Nijar ma sai a 2021 ta buɗe cibiyar gashinta ta farko a Yamai. A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, kuma ban ga abin da ya fi wannan aiki cancantar shiga ciki ba.

6. Maigida ma yana cikin maganin

Bayan an yi magani ana buƙatar mako huɗu ba saduwa, ba matsi, ba cusa komai, har wurin ya warke, kuma ruwa zai riƙa fita a tsawon lokacin. Wannan sharaɗi ba a hannun matar kaɗai yake ba. Mai kishiya tana lissafin kwananta da abin da za a ce a tsakar gida. Wadda ba ta faɗa wa mijinta ta je gwaji ba, ta ina za ta fara? Ga kuma babbar fitina, idan ya ji cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar, sai ya hau zargi. Ya kamata maza su ji wannan da kyau: ƙwayar tana iya kwanciya shekaru ba ta motsa ba, namiji yakan ɗauke ta ba alama, babu gwajin da zai nuna wa ya ba wa ko yaushe. A al'ummar da ake auren zawarawa, ake saki ana sake aure, ake tara mata har huɗu, tana zagayawa cikin halal tsantsa ba tare da kowa ya saɓa wa Allah ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka ungozoma ta nemi a zo da maigidan, ko a samu ma'aikacin lafiya namiji ya yi masa bayani, kafin a yi maganin. Shi ne kuma zai kawo ta da gaggawa in ta ga zazzaɓi, ko ciwon mara mai tsanani, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari.

7. Wata goma sha biyu

Saura mataki guda da kusan kowa ke mantawa. Wadda aka yi wa magani ana so ta dawo bayan wata 12 a sake gwada ta, domin a wasu abin yana saura ko ya dawo, kuma hakan ya fi yawa ga masu HIV. Ba na tsammanin mace mai hidimar gida goma za ta riƙe wannan rana a ka, kuma ba adalci ba ne a ɗora mata laifin mantuwa. Mun san yadda ake bin sawun yaron da ya tsallake allurar shan inna har ƙofar gidansu, da mai unguwa da mata masu zaga gida-gida. Mun san yadda asibitocin masu HIV ke kiran wanda bai zo karɓar magani ba. Rajista ɗaya ake buƙata a kowane asibitin sha-ka-tafi, mai ɗauke da sunan duk wadda aka ga alama, da unguwarta, da lambobin waya biyu, da ranar da aka yi mata magani ko aka tura ta gaba, da ranar da za ta dawo, da sunan ma'aikaciyar da za a tambaya idan layin ya zauna babu komai. Kwamishinan lafiya da ya zo duba asibiti ya buɗe wannan littafi kafin ya duba fenti, kuma 'yan jarida da aka gayyata taron gwaji su koma bayan wata shida su nemi a ƙirga musu layukan da aka cike.